Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Me Ya Sa Manhajojinmu Ba Su San Ana Ɗauke Wuta Ba?

 

Akwai wata magana da ta zama uzurin kowa a birnin Zariya, tun daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan: "netwok ne". Mai POS a Babban Dodo ya ce netwok ne. Ma'aikacin banki ya ce netwok ne. Mai karɓar kuɗin kati a asibiti ma haka. An cire wa mutum naira dubu ashirin, mai shago bai ga alat ba, kaya na kan kanta, kuɗi na sararin samaniya, sai a dubi juna a ce netwok ne, kamar yadda ake cewa ƙaddara ce. Daga nan magana ta ƙare. Wanda aka cire wa kuɗin ya koma gida hannu rabbana, ya fara lissafin ranar da za su dawo, wataƙila kuma kuɗin cefanen ranar ke nan, ko na magani.

Ra'ayina a yau shi ne mun cika saurin yafe wa wannan kalma. Yankewar netwok gaskiya ce, babu mai iya hana ta gaba ɗaya. Amma abin da manhaja ke yi bayan netwok ya yanke, wannan aikin ɗan Adam ne. Wani ne ya zauna ya rubuta ta, da wani yare daga cikin yarukan da ake yi wa kwamfuta magana da su, kuma ko dai ya yi tanadin ranar yankewa ko bai yi ba. Akwai yarukan da tun asali aka ƙirƙiro su domin wannan rana. Mu da muke zaune inda wuta da sabis ke zuwa su tafi kamar baƙin kasuwa, mun fi waɗanda suka ƙirƙiro yarukan bukatarsu, amma mu ne muka fi kowa nisa da su.

Hanyar da kuɗinka ke bi

Mu fara da abin da ke faruwa idan ka danna "tura" a wayarka. Saƙon zai bar wayar ya hau ƙarfen sabis mafi kusa, ya bi layukan kamfanin sadarwa har ya isa babbar kwamfutar bankinka, wadda ake kira uwar garke. Bankinka ya duba ko kana da kuɗin, ya cire, ya miƙa saƙo ga NIBSS, wato cibiyar da ke haɗa bankunan Nijeriya, wadda aka kafa a 1993, ta kuma ƙaddamar da tsarin tura kuɗi nan take a 2011. Ita kuma ta miƙa wa bankin wanda ka tura wa, ya zuba masa, sannan amsa ta biyo sawu ta dawo har cikin wayarka. Kwamfutoci da yawa ne, masu iyayen gida daban-daban, a garuruwa daban-daban, suna aiki guda. Zan riƙa kiran wannan tsarin gayya, domin ya yi kama da gayyar noma: gona ɗaya, hannaye da yawa.

Wani masani Ba'amurke mai suna Leslie Lamport ya taɓa siffanta irin wannan tsari a 1987. Ma'anar maganarsa ita ce, tsarin gayya shi ne inda lalacewar wata kwamfuta da ba ka ma san da zamanta a duniya ba za ta hana taka aiki. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai tsire da waya a hannu yana kallon da'irar nan tana juyawa, ya san abin da malamin yake nufi.

Ga inda gizo ke saƙar. A ce ka aiki yaro daga Kwarbai da kuɗi ya kai wa wani a Sabon Gari, ka ce in ya kai ya dawo ya shaida maka. Magariba ta yi bai dawo ba. Abu uku ne zai iya kasancewa: ko bai kai ba, ko ya kai amma a hanyar dawowa wani abu ya tsare shi, ko kuma har yanzu yana cikin cunkoson Tudun Wada yana tafe. Daga inda kake zaune ba ka da hanyar bambance ukun nan. In ka sake aiken wani yaro da wasu kuɗin, ƙila ka biya sau biyu. In ka yi shiru, ƙila ba ka biya ba sam. Wannan shi ne ainihin halin da kwamfutar banki ke shiga idan ta aika saƙo amsa ba ta dawo ba. Kuma ba ƙarancin wayo ba ne. A 1985 wasu masana uku, Michael Fischer da Nancy Lynch da Michael Paterson, sun tabbatar ta hanyar lissafi cewa matuƙar ba a san iyakar lokacin da saƙo zai ɗauka ba, ko da kwamfuta ɗaya ce tak ke iya mutuwa, babu wata tsayayyar dabara da za ta ba da tabbacin cewa sauran za su cimma matsaya a kowane hali.

To me ake yi? Abin da 'yan kasuwarmu suka daɗe da sani ake yi. Na farko, a ba kowane aike lambarsa, kamar lambar rasit. Idan saƙo mai lamba ɗaya ya zo sau biyu, mai karɓa ya duba littafinsa ya ce wannan na riga na biya, ya maimaita amsa ba tare da ya maimaita biya ba. Na biyu, ciniki ya zama ko duka ko babu: cirewa daga nan da zubawa a can su tabbata tare, ko su warware tare. Na uku, a ajiye lissafi a wurin shaidu, wato kwamfuta uku ko biyar, kada a ce abu ya tabbata sai mafi rinjayensu sun rubuta, ta yadda ko ɗaya ta mutu magana ba ta ɓata ba. A kan wannan aka gina dabarar Paxos da Lamport ya wallafa a 1998, da dabarar Raft da ta fito daga Jami'ar Stanford a 2014. Na huɗu, a sa wa kowane aike wa'adi, a kuma rubuta tun farko abin da za a yi in wa'adin ya cika shiru.

Duk waɗannan sanannu ne. Tambayar ita ce, wa zai tuna da su a kowane layi na manhaja mai layi dubu ɗari? In aka bar wa ƙwaƙwalwar mai gina manhaja, wanda ake matsa wa lamba ya gama aiki kafin ƙarshen wata, to wata rana zai manta, kuma ranar da ya manta ɗin, aljihun wata baiwar Allah a Limancin Kona ne zai biya. Nan ne yare ke shigowa.

Mu a nan tangarɗa ba baƙuwa ba ce

Kafin mu je ga yarukan, mu ɗan tuna shekarun nan kaɗan da suka wuce. A watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka biyo da wasu ƙananan hukumomin Katsina da wasu sassan Jihar Kaduna, aka shafe makonni mutane na tafiya mai nisa don neman sabis. A farkon 2023 aka shiga wahalar canjin kuɗi, takardun naira 200 da 500 da 1000 suka ɓace, jama'a suka dunguma kan taransifa a lokaci guda, manhajojin bankuna da dama suka durƙushe. Jihar Kaduna na cikin jihohi ukun farko da suka kai ƙara Kotun Ƙoli, tare da Kogi da Zamfara, kotun kuma ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanoni a Nijeriya suka ji a jikinsu. A watan Oktoban 2024 kuma mafi yawan Arewa ta shafe sama da mako guda cikin duhu, bayan lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna da kuma faɗuwar layin da ya rage.

Ko jarrabawa ba ta tsira ba. Ranar 14 ga Mayu 2025 shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa tangarɗa ta shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, har sai da aka sake masu jarrabawa. Bayanan da suka fito sun nuna cewa gyaran da aka yi wa manhaja ya isa wasu uwayen garke, bai isa wasu ba. Wannan ciwon tsarin gayya ne tsantsa: hannu ɗaya ya ji sabon umarni, ɗayan yana aiki da tsoho.

Idan abu yana faruwa kowace shekara, ya tashi daga tsautsayi ya zama yanayi. Magini a Zariya ba ya cewa ruwan sama ya zo masa ba zato. Ya san damina na zuwa, shi ya sa yake sa indararo, yake yaɓe tun da rani. Manhajar da aka rubuta bisa zaton wuta ba ta ɗaukewa kuma sabis ba ya yankewa, daidai take da soron da aka gina babu indararo.

Yarukan da aka haifa domin ranar wahala

Tun a shekarun 1980 wata farfesa a MIT da ke Amurka, Barbara Liskov, ta ƙirƙiro wani yare mai suna Argus. Abin da ta yi shi ne ta ɗauki ƙa'idar nan ta ko duka ko babu ta dasa ta a cikin yaren kansa. Mai rubutu zai ce wannan aiki dunƙule ɗaya ne, yaren kuma shi zai tabbatar cewa in wani ɓangare ya gaza, an warware sauran an koma yadda ake. Argus bai shiga kasuwa ba, ya tsaya a ɗakin bincike, amma tunaninsa ya yaɗu, Liskov kuma ta samu lambar yabo ta Turing a 2008.

Wanda ya shiga kasuwa ya kuma daɗe shi ne Erlang. An fara shi a 1986 a kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin, a hannun Joe Armstrong da Robert Virding da Mike Williams. Matsalarsu ita ce injinan haɗa kiran waya, waɗanda ba a yarda su tsaya ba ko da dare ko da rana, ko ana gyara ko ba a yi. Sai suka fara daga wani tushe da ya saba wa na sauran yaruka. Suka ce kuskure dole ne, inji zai mutu, mai rubutu zai yi tuntuɓe, don haka a gina yaren ta yadda gari zai ci gaba da tafiya duk da haka.

Ga yadda abin yake. A Erlang ana rarraba aiki ga ƙananan ma'aikata na cikin kwamfuta, dubbai ko ma miliyoyi. Kowanne da ɗakinsa da kayansa, babu mai sa hannu a jakar wani, magana kawai suke aika wa juna. Saboda haka in ɗaya ya rikice, rikicewarsa ba ta tsallaka katanga. Sannan kowane rukunin ma'aikata yana da mai sa ido, wanda ba shi da wani aiki sai kallo. In ma'aikaci ya faɗi, mai sa ido ya samu labari nan take, ya tayar da sabo a gurbinsa. In faɗuwar ta yi yawa cikin ɗan lokaci, mai sa ido ya san abin ya fi ƙarfinsa, sai ya miƙa ga wanda ke samansa.

Ɗan birnin Zariya ba ya bukatar dogon bayani a nan. Rigima in ta tashi a gida, mai unguwa ne ke fara ji. In ta gagare shi ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, sai wadda ta gagari kowa ce ke isa fadar Mai Martaba. Ba a tashin gari gaba ɗaya don an yi faɗa a bakin rijiya. Haka ganuwar birnin nan, ba ƙofa ɗaya aka yi mata ba. In Ƙofar Doka ta cushe, mai abin hawa ya san akwai Ƙofar Kibo, akwai Ƙofar Jatau, akwai Ƙofar Kuyambana. Abin da Erlang ya yi shi ne ya mayar da irin wannan tsari ya zama nahawun yare, ta yadda ko mai rubutu bai cika hazaƙa ba, hanyar da ta fi sauƙi a gabansa ita ce hanyar da ke da mai sa ido.

Masu yaren suna da wata ƙa'ida da za ta ba mutum mamaki, wai a bar shi ya faɗi. Maimakon ma'aikacin da ya rikice ya yi ta kame-kame yana ci gaba da aiki da gurɓataccen lissafi, gara ya mutu da wuri a tayar da sabo mai tsabta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kuma akwai hujja. A 1985 Jim Gray na kamfanin Tandem ya yi nazarin dalilan da ke sa kwamfutoci tsayawa, ya lura cewa yawancin kurakuran manhajar da ta riga ta fara aiki masu wucewa ne, sukan auku ne sakamakon haɗuwar wasu yanayi da ba su cika haɗuwa ba, in aka sake farawa ba sa dawowa. Dalilin ke nan da ya sa kashe waya a kunna yake yawan yin magani. Erlang yana yin wannan kashewa da kunnawa ne da kansa, ga ɗan ƙaramin ɓangaren da ya lalace kaɗai, cikin ƙiftawar ido, sauran kuma ba su ma sani ba. Har ma yana ba da damar a sauya manhaja da sabuwa tana cikin aiki, ba sai an rufe an ce wa jama'a su dawo gobe ba.

Ericsson ya saki yaren kyauta ga kowa a 1998. A yau kuma da wuya a samu gida a cikin birni da ba a amfana da shi ba, domin da shi aka gina uwayen garken WhatsApp. A farkon 2012 kamfanin ya bayyana cewa kwamfutarsa guda ɗaya tana riƙe da layi sama da miliyan 2 a lokaci guda. Lokacin da Facebook ya saye shi a 2014 a kan dala biliyan 19, yana da masu amfani kimanin miliyan 450, ma'aikatansa kuwa ba su kai 60 ba. Ka lura da yadda saƙonka na WhatsApp ke yi in babu sabis: ya zauna da alamar agogo, ya jira, sabis na dawowa ya tafi, kuma ba ya zuwa sau biyu. Wani ne ya yi tanadin haka. Daga baya wani ɗan ƙasar Burazil, José Valim, ya ƙirƙiro Elixir, yare mai sauƙin koyo da ke tafiya a kan injin Erlang ɗin, ya fitar da cikakken zubinsa na farko a 2014.

Kada wani ya ce wannan labarin Turai ne kawai. A Kano akwai ƙungiyar eHealth Africa da aka kafa a 2009. Lokacin annobar Ebola ta 2014, ma'aikatanta sun gina manhajojin bibiyar waɗanda suka yi mu'amala da masu cutar, manhajojin da ke aiki ko babu intanet. Ma'aikacin lafiya ya shigar da bayani a wayarsa a ƙauye, wayar ta adana, ranar da ta samu sabis ta daidaita da uwar garke. Rumbun bayanan da suka dogara da shi, CouchDB, da Erlang aka rubuta shi. Ke nan an riga an gwada wannan tunani a hannun mutanen da ke aiki daga makwabciyarmu, a lokacin da rayuka ke kan siraɗi.

Abin da masu ja za su ce

Na san akwai masu gina manhaja a wannan zaure, kuma na san abin da za su ce. Na farko, yare ba laya ba ne. Wannan gaskiya ne. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp duk sun ɗauke na kusan awa shida, saboda kuskuren da aka yi wajen saita hanyoyin sadarwar kamfanin. Erlang bai ceci WhatsApp a ranar ba, domin ma'aikatan cikin gida suna nan lafiya, hanyar zuwa gidan ce ta toshe. Haka kuma babu yaren da zai hana a sace batirin ƙarfen sabis ko a tsinke waya wajen aikin titi. Amma wanda ya ce tunda indararo ba ya hana ambaliya to a daina sa shi, bai yi wa soronsa adalci ba.

Na biyu, za su ce duk abin da Erlang ke yi ana iya yin sa da Java ko Python ko PHP. Shi ma gaskiya ne, kuma manyan bankunan duniya da yawa da irin waɗannan yarukan suke aiki lafiya lau. Har an ɗauko tsarin ma'aikata da masu sa ido an kai shi duniyar Java ta hanyar Akka tun 2009. Bambancin yana ga abin da yare ya sauƙaƙa da abin da ya bar wa tunawarka. Yaren da zai bar ka ka kira wata kwamfuta a Legas kamar kana kiran ƙaninka a tsakar gida, ba tare da ya tambaye ka me za a yi in ba ta amsa ba, ya taimake ka ka manta. Yaren Rust, misali, yakan ja kunnen mai rubutu tun kafin manhaja ta fara aiki in ya yi watsi da sakamakon da zai iya zama gazawa. Wannan jan kunne shi nake nema.

Na uku, kuma wanda ya fi nauyi: aiki. Matashin da ya kammala difloma yana neman abin da zai ci, kuma tallan aikin da yake gani na JavaScript ne da PHP. Ba zan ce wa kowa ya bar abin da ke kawo masa tuwo ba. Abin da nake cewa shi ne wata uku da mutum zai yi yana wasa da Elixir zai sauya yadda yake rubuta PHP ɗinsa har abada, domin zai fara tambayar kowane layi: in ka gaza fa, wa zai sani? Sannan mu duba ta wata fuskar. Masu iya zana shafin intanet sun cika duniya. Masu iya gina abin da ke tsayawa da ƙafarsa inda babu wuta babu sabis kuwa ba su da yawa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaron da ya tashi yana cajin waya a shagon mai janareta ya riga ya san abin da injiniyan Turai sai ya karanta a littafi.

Akwai kuma wani zaɓi da babu yaren da zai yi maka shi. Eric Brewer ya bayyana a shekarar 2000, aka kuma tabbatar da lissafi a 2002, cewa in hanya ta yanke tsakanin kwamfutocin gayya, dole ka zaɓi ɗaya: ko ka ƙi amsawa har hanya ta dawo, ko ka amsa da abin da kake da shi wanda ƙila ya tsufa. A harkar kuɗi gara na'ura ta ce ba za ta iya ba yanzu, ta bar maka kuɗinka a inda suke, da ta cire ta bar ka a tsakiya. A rajistar marasa lafiya ko ta 'yan makaranta kuwa gara a ci gaba da rubutawa, a daidaita daga baya. Wannan hukunci ne da ke bukatar wanda ya san mutanen da abin zai shafa, shi ya sa bai kamata mu bar wa na nesa kaɗai ba.

Me ya kamata a yi

Ga makarantunmu. Zariya gari ne na ilimi, ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ga hukumar NBTE mai tsara manhajar karatun kwalejojin fasaha a nan kusa da mu Kaduna. A 2024 hukumar ta rarraba babbar diflomar kimiyyar kwamfuta zuwa fannoni huɗu, ciki har da na gina manhaja da na hanyoyin sadarwa. Wannan dama ce. Shawarata ga malamai mai sauƙi ce, ba ta bukatar ko sisin kwabo: ranar da ɗalibi zai kare aikinsa na ƙarshe, a bar shi ya fara nunawa, yana tsakiyar aiki malam ya zare wayar netwok, ko ya kashe ɗaya daga cikin kwamfutocin. A mayar, a duba lissafi. In kuɗin gwaji sun ɓace ko sun ninka, aikin bai kammala ba. Shekara biyu ana haka, za a ga irin maginan da za mu yaye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga masu sayen manhaja, wato ma'aikatun gwamnati da asibitoci da makarantu masu zaman kansu da ƙungiyoyin adashi da suka fara komawa waya. Kafin a sa hannu a kwangila a yi wa ɗan kwangila tambaya uku. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar karɓar kuɗi, me zai faru? In mutum ya danna sau biyu, sau nawa za a cire? In babbar kwamfutarka ta ƙone yau, ina bayananmu suke? Ba sai ka iya yaren kwamfuta za ka gane mai amsa da mai kame-kame ba.

Ga sauran jama'a, mu san haƙƙinmu. Tun watan Yunin 2020 Babban Bankin Nijeriya ya gindaya wa'adin mayar da kuɗin da suka maƙale: awa 48 ga wanda ya yi amfani da ATM na wani banki, awa 72 ga cinikin POS da na intanet. A riƙe rasit, a adana lambar ciniki, kada a yi gaggawar sake turawa, in wa'adi ya wuce kuma a kai ƙorafi a rubuce. Kamfani ba ya kashe kuɗi wajen gyara abin da abokan cinikinsa suka riga suka yafe masa.

Ga mu marubuta kuma, akwai namu kason. Matuƙar wannan ilimi yana kulle a cikin Turanci, mai POS da mai shago da uwar adashi ba za su taɓa sanin cewa akwai tambayar da suke da haƙƙin yi ba. Kalmomin da na yi amfani da su a nan, tsarin gayya da mai sa ido da sauransu, shawara ce kawai. Wanda yake da waɗanda suka fi su dacewa ya kawo, mu tattauna, mu tsayar.

Muna ta komawa rayuwar da albashi da kuɗin makaranta da sakamakon jarrabawa da kuɗin magani duk ke bi ta cikin waya. Wuta za ta sake ɗaukewa, wayar teku za ta sake tsinkewa, wannan babu ko shakka. Abin da ya rage a hannunmu shi ne ko manhajojin da muka damƙa wa amanarmu sun san da haka tun ranar da aka rubuta su. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya sa mu dace, ya tsare mana halalinmu. Ina sauraron gyara da ƙarin bayani, musamman daga 'yan uwa masu wannan sana'a. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.